Kamun king salmon a kogunan Alaska da jagora: me zan duba kafin in biya kuɗi?

Abu Khalifa, Hotoro

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fatsa a ƙasashen waje. Zan kai wa ɗana ziyara a Amurka cikin Yuni ko Yuli in Allah ya yarda, maganar biza an gama da ita. Muna so mu ware kwana biyar mu je kamun king salmon, manyan kifayen nan da ake ɗaukar hoto da su. Wani kamfanin jagorori a kogin Kenai na jihar Alaska ya ce a tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Fatsar dam ɗin Tiga na sani, wannan kuwa sabon abu ne a wurina. Wane wata ya fi, wace takarda ake buƙata, kuma kifin zai iya isowa Kano bai lalace ba?

Baba Masunci, Fagge

Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna.

Kenai ya ci sunansa, babu musu. A can Les Anderson ya kama mai fam 97 da oza 4, wajen kilo 44, ranar 17 ga Mayu 1985, kuma har yau ba a kama wanda ya fi shi da sandar fatsa ba. Amma wancan zamani ne. A 2023 da 2024 da 2025 hukumar kifi da namun daji ta jihar Alaska, ADF&G, ta rufe kamun king a Kenai tun kafin lokacin ya kama. Rufewar ta haɗa har da a kama a saki. Dalili shi ne manyan sun ragu ƙwarai. Kifin nan a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekara 1 zuwa 5, ya dawo kogin da ya fito ya zuba ƙwai ya mutu. Masu girman gaske su ne waɗanda suka yi shekara 4 ko 5 a teku, su ne kuma suka fi yin ƙaranci. Hukumar tana da na'urar sona, mai gano kifi da amon sauti, a cikin kogin da take ƙidaya masu tsawon santimita 75 zuwa sama, kuma da wannan ƙidaya take yanke hukunci. Takarda guda ta umarnin gaggawa tana iya rufe kogi cikin 'yan kwanaki, ko da kana cikin jirgin sama.

Don haka ka sa su amsa maka waɗannan a rubuce: wane kogi takamaimai, kuma idan an rufe king a ranarku, kuɗi za su mayar ko wani kifi za su kai ku? Yawancinsu ba sa mayarwa, sai su juya ku zuwa sockeye, wani ƙaramin nau'in salmon. Sockeye kifi ne mai daɗi, cikin Yuli ma yana cika Kenai, sai dai kilo 2 zuwa 4 ne, ba shi ka je nema ba. Ka tambayi ko jirgin ruwan naku ne ku kaɗai ko za a haɗa ku da wasu, don galibi mutum 4 ake ɗauka, kuɗin kuma na kujera ne. Ka nemi lambar rajistar jagoran.

In Alaska ɗin ce dole, duba kogin Kasilof, kudu kaɗan da Soldotna, garin da ke bakin Kenai, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni. Akwai kifin gidan ƙyanƙyasa a can, shi ya sa ake yawan barin sa a buɗe. Ana gane shi ta ɗan fiffiken tsoka na baya, kusa da wutsiya: in an yanke ya warke, na ƙyanƙyasa ne, in yana nan, na dawa ne, sai a sake shi. Kada ka sa ran kilo 30. Kilo 5 zuwa 10 shi ne abin da aka saba gani.

Takardu biyu ne: lasisin fatsa na baƙo, da hatimin king salmon da ake saye daban. Duka ana sayar da su na kwana 1, 3, 7, 14 ko shekara, a shafin hukumar. Duk king mai inci 20 zuwa sama da ka riƙe, nan take ka rubuta rana da kogi a takardar, tun ba ka sake jefa ƙugiya ba. Nan baƙi suke cin tara.

Injiniya, Sharaɗa

Baba ya gama da maganar doka, bari in taɓa aikin cikin jirgi, don a nan ake asarar kifi.

Abu na farko, king yana daina cin abinci da zarar ya shigo ruwan kogi. Fushi ke sa shi cafkar ƙugiya, don an tare masa hanya. Shi ya sa jagora yake juya hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, ya riƙe shi da inji ko da filafili, jirgin yana sulalewa baya a hankali, ƙasa da gudun ruwan. Ana sakin zare wajen mita 15 zuwa 20 a bayan jirgi, kowa tsawo ɗaya, don ƙugiyoyin su jeru su matsa wa kifin da ke kwance a rami.

Sanda mai ƙafa 8 da rabi zuwa 10 da rabi, injin naɗe zare mai birki, babban zare saƙaƙƙe mai ɗaukar fam 50 zuwa 80, sai guntun zaren roba na gaba mai fam 40 zuwa 60, tsawon mita 1 zuwa 1 da rabi. A bakinsa ko dai Kwikfish, wato kifin roba na yaudara, lamba K15 ko K16 da aka ɗaure wa yankan sardin a ciki, ko Spin-N-Glo, ɗan abu mai fiffike da ke juyawa a ruwa, da curin ƙwan kifi, da Jet Diver ko dalma don ya nutse. Duk wannan jagora ke kawowa, kada ka sayi komai. Sardin ɗin ana canza shi duk bayan minti 30 zuwa 45, don warin yana wankewa. In yankan ya yi kauri ko ya karkace, Kwikfish zai riƙa gudu gefe ko ya taso sama, sai a gwada shi a gefen jirgi kafin a saki. A lura, wani lokaci hukuma tana hana sa abinci a ƙugiya gaba ɗaya, ta ce ƙugiya ɗaya tak.

Babban kuskuren wanda ya saba da fatsar gida shi ne fizga. Ka ga sanda ta yi rawa, hannunka zai kai da kansa. Kada ka taɓa. Bari ta lanƙwashe har ƙasa, zare ya fara fita, sannan ka ciro ta daga mariƙinta. Fizgar wuri tana zare ƙugiya daga bakinsa kafin ya juya. Bayan ya kamu, kada ka danne zare da babban yatsa, kada ka ƙara birki; in ya ja, bar shi ya ja. Ɗaga sanda a hankali, ka naɗe kana saukewa. In ya taho wajen jirgi da gudu, naɗe da sauri, don sako-sakon zare ne ke kuɓutar da shi. A kusa da jirgi ake yawan tsinkewa, saboda zaren ya gajarta, babu sauran abin da zai miƙe. Jawo kansa zuwa raga, kai ne zai fara shiga, kuma wanda za a saki ba a fitar da shi daga ruwa ko don hoto.

A tabbatar king ne: dadashinsa baƙi, ɗigo-ɗigo a sama da ƙasan wutsiya. Coho, wani nau'in salmon mai kama da shi, dadashinsa fari-fari, ɗigon a sama kawai.

Sanyi ma ba na wasa ba ne. Ruwan daga narkakkiyar ƙanƙara yake, fita kuma da sassafe. Riguna uku a jere, rigar ruwan sama, safar hannu, hula, da rigar ceto a jiki.

Abu Khalifa, Hotoro

Allah ya saka da alheri. Baba, ke nan in girma nake so, Alaska ba ta da amfani yanzu?

Malam na Kurna

Baba bai ce babu ba, Alhaji. Akwai kogin Nushagak ta wajen garin Dillingham, tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, amma sai da ƙaramin jirgin sama, kwana a sansani, tsada sosai, kuma shi ma an taƙaita shi a shekarun nan. Ni a ganina, in za ka iya ɗage tafiyar zuwa tsakiyar Satumba ko farkon Oktoba, je ka Salmon River a garin Pulaski, jihar New York, ƙasa da awa ɗaya daga Syracuse. King ɗin can daga tafkin Ontario yake hawowa, ana samun kilo 7 zuwa 14 da yawa, lasisin jihar kawai ake buƙata. Aibinsa cunkoson mutane, kuma in ya daɗe a kogi yana yin duhu, namansa ya saki. Farkon hawowar ya fi.

Maganar kawo shi Kano, ban ba ka shawara ba. Ana yanke masa jan naman numfashi jini ya tsiyaye, a sa a ƙanƙara, a fere, a rufe a ledar da aka zuƙe wa iska, a daskarar, a jera a kwali mai kilo 23. Kusan rabin nauyin kifin ne ke zama tsoka. Kwalin yana riƙe sanyi kwana ɗaya zuwa biyu, daga Anchorage, birni mafi girma a Alaska, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa sai an canza jirgi sau biyu ko uku, kaya kuma sukan makara. Ku ci a gidan yaron, ko ku ba masu banda na can su yi muku a rufaffen gwangwani.

In kun zaɓi Alaska, ku tsara sallah tun daga gida. A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa a Anchorage wajen 11:40 na dare, ta fito wajen 4:20, duhu ma ba ya gama yi. Akwai masallaci a garin, ku karɓi jadawalinsu kafin ku kama hanyar Soldotna, tafiyar awa 3 ce a mota.