Ƙanwata za ta zauna JAMB a Dutse, ga biki a gida: wai lalle na hana shiga?

Mai Gyaran Babur:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Jahun. Autarmu ta gama sakandare bara, ta samu kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, duk a zama ɗaya, ta kafe ita likita za ta zama. Na tattara ɗan abin da ke hannuna aka yi mata rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta cike BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, a zaɓin farko, garin jarrabawa kuma muka ɗauki Dutse.

Karatu kam tana yi, da fitilar sola har dare ya raba, sai Inna ta yi mata faɗa take kwanciya. Abin da ke damuna shi ne duk gidanmu babu wanda ya taɓa zama wannan jarrabawar, yarinyar kuma ba ta saba da kwamfuta ba, na makarantarsu kullum a kulle suke. Sannan ga bikin 'yar baffanmu ya faɗo dab da lokacin, Goggo ta riga ta yanke cewa yarinyar ce babbar ƙawa, ƙunshi hannu da ƙafa ba fashi. Wani a garejinmu ya ce lalle na hana na'ura karanta yatsa. Da gaske ne, ko zancen majalisa ne? Me ake shiga da shi ɗakin, me ba a shiga da shi? Niyyata in goya ta a babur bayan sallar asuba, mu bi ta Kiyawa.

Malamin Kimiyya, Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da ɗawainiyar ƙanwarka. Zancen lalle ba na majalisa ba ne, hukumar JAMB da kanta ta ja kunnen ɗalibai a kansa. Kafin kowa ya shiga sai ya dangwala yatsa, na'ura ta gwada shi da zanen da aka ɗauka ranar rajista. In lalle ya kama kan yatsa ya yi duhu, na'urar na iya ƙin ganewa, wanda ba ta gane ba kuwa ba ya zama. Mafi muni shi ne masu sa magani mai ƙarfi don su kankare shi a gurguje, su cinye zanen yatsar gaba ɗaya. A lallaɓa Goggo: a yi mata a ƙafa da bayan hannu, tafin hannu da kan yatsu a bar su fes. Haka in tana surfe ko wanki mai yawa, a ɗan sassauta mata a satin, don yatsan da ya faffashe ma yana ba da wahala.

Kayan shiga kaɗan ne: takardar da aka buga mai ɗauke da cibiyar jarrabawa, rana da lokaci, sai fensir. Waya, agogon hannu, biro, kalkuleta, jaka, katin banki, abin sawa a kunne, duk haram ne. Zobe da sarƙa a bar su gida. Mai tabarau ana dubawa kafin a bar shi ya wuce. Kalkuleta akwai ta a cikin kwamfutar, takardar lissafi kuma su suke bayarwa.

Tambayoyi 180 ne a awa biyu: Turanci 60, sai bayoloji, kemistiri da fiziks 40 kowanne, maki 400 jimla. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ta bar ko ɗaya babu amsa. Ni ɗalibaina nakan ce su fara da Turanci tun kai yana sanyi, musamman tambayoyin littafin da hukumar ke bayarwa a karanta, waɗannan maki ne a ɓagas ga wanda ya karanta.

Ɗalibar Likitanci, aji uku:

Yaya, ka yi haƙuri, amma batun babur da asuba ka ajiye shi. Ni ma 'yar ƙauye ce, daga wajen Gaya. A cibiyarmu na ga yarinyar da ta iso ana rufe ƙofa, hijabinta duk ƙura, idonta ja saboda iska, hannunta na rawa har ta zauna. Ko ta shiga, rabin hankalinta yana kan hanya. In taya ta yi faci fa? Kai mai gyara ne, amma agogo ba ya jiran gyara. In zaman safe aka ba ta, ku kwana a Dutse gidan wani ɗan uwa, ku je da yamma ku ga ƙofar cibiyar da idonku. Gari kuka zaɓa, cibiya su suke ba da ita, kuma Dutse ba cibiya ɗaya ba ce.

Malam, a gafarce ni, ni ban bi tsarin fara Turanci ba. Dogayen nassoshin nan suna cin lokaci, mutum ya ɗago ya ga minti arba'in sun tafi. Bayoloji na fara, don karantawa ce kawai a zaɓa, na samu rarar lokacin da na kai wa fiziks. Ta gwada duka biyun a gida da agogo, ta ga wanda ya karɓe ta.

Kwamfutar kuma kada ta tsorata. Ba sai ta iya riƙe linzamin kwamfuta ba, maɓallan haruffa sun isa: A, B, C, D na amsa, N ta gaba, P ta baya. S kuwa ta miƙa aiki ce, ta kiyaye ta har sai ta gama. In kwamfutar ta tsaya ko ta mutu, ta ɗaga hannu nan take, kada kunya ta sa ta zauna tana kallo. Wannan kunyar tamu ta 'yan karkara ita ce abin da na fi ji mata. Hijabi ana shiga da shi, mata ne ke caje mata, za su duba kunne. Ta cire 'yan kunne tun daga gida. Ta karya da abu mara nauyi, kada ta cika ruwa don zafin Afrilu ya ruɗe ta.

Kuma ka sani tun yanzu, Yaya, maki 200 ɗin da ake yi wa guɗa a wasu fannoni, a likitanci ba ya kai mutum ko'ina. Hukumar kula da likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gurbi kaɗan, masu nema dubbai. Bayan JAMB akwai tantancewar jami'a, kada ta rufe littafi.

Mai Shagon Kwamfuta, Kiyawa:

Kawo ta shago irin namu ko sau 'yan kaɗan ne, akwai manhajar tsofaffin tambayoyi mai fasalin ta ranar, da agogonta yana ƙirgawa. Takardar cibiya in ta fito a buga biyu, ka riƙe ɗaya. Layin wayar da aka yi rajista da shi kada ya ɓace, da shi ake duba sakamako. Duk wanda ya kira ka ya ce zai ƙara mata maki ko yana da tambayoyin gobe, ɗan damfara ne, kashe wayarka.

Mai Gyaran Babur:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Akwai abokin marigayi Babanmu a Dutse, na kira shi ya ce ɗakin iyalinsa a buɗe yake. Ranar Asabar zan kawo ta Kiyawa, Malam mai shago, zan neme ka ta akwatin saƙo.

Goggo ce dai har yanzu. Na karanta mata bayanin Malam, ta ce ita ba ta taɓa ganin babbar ƙawa da farin hannu ba, wai mutane za su ce gaba muke yi da gidan baffa. Na tura Inna ta je ta same ta bayan magariba. Ƙanwata ɗaliba, in dai bayan hannu kawai aka zana da baƙin nan na zamani, aka tsaya kafin gaɓar ƙarshe ta yatsa, kin taɓa ganin wadda ta shiga da shi lafiya?