Wai wa ya gudu? Rigimar muhawarar 'yan takara a guruf ɗin unguwa

Nura Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni fa abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Tun 2011 duk wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya in ka duba sai ka tarar wanda ya gudu ne daga muhawarar talabijin. Jonathan ya gudu a 2011 ya ci, Buhari ya gudu a 2015 ya ci, ya sake gudu a 2019 ya kuma ci, Tinubu ko leƙa zauren Arise TV bai yi ba a kakar 2023 shi ma ya ci. To mu masu zaɓe me muke dubawa ne don Allah? Mutum yana neman aiki a wajenka ya ƙi zuwa intabiyu kuma ka ɗauki aikin ka miƙa masa. Ni dai daga yau wanda bai tsaya muhawara ba ba zai ga ƙuri'ata ba ko ƙanin babana ne. Na san ba mai tanka min tunda gaskiya ce

Alhaji Sani Kwari: Wa alaikumus salam. Nura ka iya bakinka. Wa ya gudu?

Nura Ɗan Fagge: Alhaji ai na lissafo su su uku

Alhaji Sani Kwari: A'a ni guda ɗaya nake tambaya. Janar ɗin soja, wanda ya yi yaƙin basasa tun ba a haifi iyayen wasunku ba, shi ne zai gudu daga makirfo? Ƙin zuwa daban, gudu daban. Ka janye wannan kalmar sannan mu yi magana.

Maman Ilham: Toh fa, an taɓo Baba 😂

Ardo na Yola: Alhaji da girmanka, in an kira mutum ya san rana ya san wuri bai zo ba, me ake ce masa a Hausa? Mu dai namu ya je. 19 ga Janairun 2019 Atiku daga Amurka ya sauka ya wuce Transcorp Hilton kai tsaye, kowa ya ga hotonsa

Alhaji Sani Kwari: Ya je sannan ya yi me? Ƙarasa mana Ardo, kar ka tsaya a rabi

Ardo na Yola: Ya ga wanda zai kara da shi bai zo ba ya tafi abinsa

Alhaji Sani Kwari: Yauwa! To wanda ya zo har bakin zaure ya leƙa ya juya, da wanda yana zaune a wajen aikinsa bai ce zai zo ba, wanne ne ya gudu? Jama'a ku yi alƙalanci

Ardo na Yola: Wannan ba gudu ba ne, janyewa ce ta mutunci. So kake ya tsaya da Moghalu da Durotoye da Oby yana kare mulkin da ba nasa ba?

Bashir Jar Hula: Hhhhh janyewa ta mutunci. Wallahi guruf ɗin nan akwai malaman luga. Ɗaya ƙin zuwa, ɗaya janyewa, ba dai wanda ya gudu

Nura Ɗan Fagge: Jama'a maganata fa a kan masu zaɓe ce, ko muhawara tana canja ra'ayin mutane

Alhaji Sani Kwari: Za mu zo nan. Kuma ma don ku sani a 2011 Buhari ya tsaya a muhawarar tashar NN24, shi da Ribadu da Shekarau, Kadaria Ahmed ce ta jagoranta, Jonathan ne bai zo ba. A 2019 ɗin ma da kuke ta faɗa ya zauna gaban Kadaria shi da Osinbajo a NTA an yi musu tambayoyi kai tsaye ƙasa tana kallo. Mai gudu ne zai yi wannan?

Zainab A.: Alhaji ai wancan ba muhawara ba ce, hira ce, ba abokin hamayya a gefe da zai ce maka ƙarya kake. Kuma gaskiya in za a yi adalci Jonathan ma bai gudu gaba ɗaya ba, ya je ta ƙungiyar kafafen yaɗa labarai a ƙarshen Maris ɗin 2011 su kuma ukun nan suka ƙi zuwa don ramuwa, ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambaya. Kenan kowa ya taɓa gudun wani

Alhaji Sani Kwari: Ƙauracewa suka yi

Zainab A.: Kalma ta uku kenan 😭

Malam Habu (admin): Tunda an ambaci muhawarar NN24 bari in sa baki. Duk wanda ya kalle ta ya san wa ya yi fice a daren nan. Malam Ibrahim Shekarau ya yi magana a natse, Turanci tsaf, amsa kan amsa, har 'yan kudu da ba su san shi ba washegari shi suke ta yabo a jaridu da Facebook. Ni a gidan wani maƙwabcinmu mai DSTV na kalla, mun cika falo har tsakar gida, janareto ya mutu ana tsakiyar magana yara suka ruga sayo fetur a galan, kowa na tsaye ba wanda ya tafi har aka tayar.

Bashir Jar Hula: To Malam sai aka yi yaya a akwati? Faɗa musu mana. Ko miliyan ɗaya bai haɗa ba a duk Najeriya, Jonathan na da miliyan 22 da ɗoriya Buhari miliyan 12. A Kanon ma da yake gwamna a kan kujera Buhari ne ya kayar da shi. Turanci tsaf 😂😂

Nura Ɗan Fagge: Yauwa Bashir wannan ita ce maganata! wanda ya ci muhawara ya zo na huɗu

Bashir Jar Hula: Ni ba maganarka nake ba Nura, da Malam nake. Kuma a shekarar ne Madugu Kwankwaso ya dawo ya karɓe Kano daga hannunsu, a tuna

Malam Habu (admin): Bashir kai yaro ne a lokacin. Kuma naku da ya je zauren Arise ya zauna da Obi ya yi ta bayani, nawa ya samu a 2023? Miliyan ɗaya da rabi bai cika ba, jiha ɗaya tak.

Bashir Jar Hula: Jiha ɗaya amma wace jiha? Ya ci gidansa da ƙuri'a kusan miliyan. Naku ya ci gidansa? Amsa nake jira Malam, ba tarihi ba

Malam Habu (admin): Ba na jayayya da ɗalibina.

Bashir Jar Hula: Wannan fa shi ake kira gudu Alhaji, ga misali a gabanka

Maman Ilham: Ku dai ku yi ta yi. Ni tambayata waye ma yake kallon abin nan? Ana yi da daddare, da Turanci, a tashar da sai mai dish, NEPA kuma ta ɗauke. Ranar zaɓe mu mata mu ne a layi tun sassafe da goyo, ku je ku tambayi layin mata a mazaɓarmu mutum nawa suka san an yi wata muhawara. Abin da aka ji a rediyo da abin da maigida da malamin unguwa suka ce shi ne, sai kuma wanda ya aiko da atamfa da taliya, kar a ce ban faɗa ba

Zainab A.: Anti ni fa maigida ba ya zaɓar min

Maman Ilham: Ke ai 'yar boko ce, kuma ba ki yi auren ba tukun 😄

Zainab A.: Ko na yi. Wannan maganar ce ke sa ake raina ƙuri'ar mata wallahi, a ce taliya ce ke juya mu, maza nawa ne ke karɓar dubu biyu a bayan rumfa?

Alhaji Sani Kwari: Hajiya ta faɗi gaskiya a kan rediyo. Sojan baka ɗaya a Kowane Gauta na Freedom ya fi muhawarar Abuja goma tasiri a Kano.

Ardo na Yola: Kano Kano, ku komai Kano. Ƙasar nan jiha 36 ce

Dakta Umar (Manchester): Assalamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo ya haura ɗari. Nura tambayarka mai kyau ce amma ba Najeriya kaɗai ba ce. Nan Birtaniya sai 2010 aka fara haɗa shugabannin jam'iyyu muhawara a talabijin, ta farko a garin nan aka yi ta, 15 ga Afrilu a ITV, Gordon Brown da David Cameron da Nick Clegg, mutum sama da miliyan 9 suka kalla. Clegg na Liberal Democrats da ba a ɗauke shi bakin komai ba shi ya burge, har Brown ya riƙa cewa ya yarda da Nick, cikin kwanaki ƙuri'ar jin ra'ayi ta ɗaga jam'iyyarsa sama ana cewa za ta ba manyan biyun mamaki. Da aka zo zaɓe a watan Mayu kashi 23 suka samu, kujerunsu ma raguwa suka yi daga 62 zuwa 57. A 2024 ma bayan karon farko na Sunak da Starmer ƙuri'ar YouGov ta nan take ta ba Sunak 51 Starmer 49, wata ɗaya bayan nan jam'iyyar Labour ta Starmer ta kwashe kujeru sama da 400. Burgewar dare ɗaya ba ta cika kai wa akwati ba ko a inda kowa ke da wuta kuma yana jin yaren.

Alhaji Sani Kwari: Kun ji ko? Dakta ya gama magana. Muhawara ɓata lokaci ce, Baba ya san abin da yake yi

Dakta Umar (Manchester): Alhaji ban ce haka ba fa. Theresa May ta ƙi zuwa ta BBC a 2017 ta tura Amber Rudd, aka yi ta yi mata gori har ranar zaɓe kuma ta rasa rinjayen da take da shi a majalisa, ko da yake akwai wasu dalilan. Biden kuma muhawarar 27 ga Yunin 2024 ce ta jawo har ya ajiye takara a Yuli

Alhaji Sani Kwari: To ai ka ga da bai je ba da bai ajiye ba. Duk hujjata ce

Bashir Jar Hula: Dakta ita Theresa ɗin gudu ta yi ko ƙin zuwa? Don Allah a Turancin can me suka ce

Ardo na Yola: Dakta kana Ingila kana shan shayi kana koya mana zaɓe, PVC ɗinka ma yana ina? Ka taɓa tsayuwa a rana tun takwas na safe BVAS ta ƙi karanta yatsanka?

Dakta Umar (Manchester): Ardo ai ba laifina ba ne da ba a ba 'yan ƙasar waje damar zaɓe ba. Kuma kuɗin gyaran rijiyar masallaci da aka tara a guruf ɗin nan ba a tambaye ni PVC ba

Maman Ilham: Kai Dakta 🙆🏾‍♀️ gori kuma?

Ardo na Yola: A mayar masa da kuɗinsa admin, ni zan biya

Malam Habu (admin): Ba a mayar da sadaka. Ku bar wannan maganar.

Zainab A.: Tunda an zo Ingila, Tinubu fa da ya ƙi zuwa Arise ya tafi Chatham House a Disamban 2022 aka yi masa tambayoyi ya riƙa rarraba wa su El-Rufai da Dele Alake su amsa, wannan wane suna za a ba shi a ƙamus ɗin Alhaji?

Alhaji Sani Kwari: Wannan ba nawa ba ne, ku kira shi duk abin da kuka ga dama

Bashir Jar Hula: Ba jam'iyyarku ɗaya ba? Ba kai ka raba mana hula mai tambarin nan a Kwari ba?

Alhaji Sani Kwari: Kawo hoto in ka isa

Bashir Jar Hula: Wayar da hoton ke ciki ta faɗa ruwa amma akwai shaidu

Nura Ɗan Fagge: Wallahi na yi nadamar kawo maganar nan. Ba wanda ya amsa min. Ni cewa na yi a yi doka, INEC ta cire sunan duk wanda bai zo ba, tunda yanzu ba dokar da ta tilasta. Kuma a yi da Hausa da Yarbanci da Ibo a sa a rediyo, ai BBC Hausa ta yi wa 'yan takarar gwamnan Kano da Hausa kuma mutane sun saurara

Alhaji Sani Kwari: Ba ka ce haka ba. Gudu ka ce. Sikirinshot yana nan.

Malam Habu (admin): To jama'a dare ya yi, ga taƙaitawa saboda waɗanda za su buɗe waya da safe. Nura ya kawo ƙorafi a kan 'yan takara da ba sa zuwa muhawara, amma ya yi amfani da kalmar da ba ta dace da dattawa ba, muna fatan zai gyara. An tattauna kuma kusan kowa ya amince cewa a tarihin muhawara a Najeriya ba a taɓa yin wanda ya kai Malam Shekarau ba, ko waɗanda ba sa son sa ba su musa cewa shi ya yi fice a 2011 ba, abin da ya nuna matsalar ba ta muhawara ba ce, ta masu zaɓe ce da ba sa bin cancanta. Dakta ya kawo misalin wani Bature da irin haka ta faru da shi, wanda ya ƙara tabbatar da wannan. Wasu yara sun yi ƙoƙarin kawo siyasar hula, ba a biye musu ba. Batun taliya da batun rijiya an rufe su. Gobe akwai ɗaurin aure bayan Juma'a, a fito da wuri.

Bashir Jar Hula: Kusan kowa?? Malam su waye kusan kowa, kai kaɗai ka faɗa fa, a ƙirga

Ardo na Yola: Kuma ba a sa cewa Atiku ya je wurin ba

Zainab A.: Batun taliya ba a rufe ba, Anti ba ta janye ba

Malam Habu ya canja saitin guruf, admin kaɗai ke iya tura saƙo.