Ina so in ajiye manja zuwa Disamba, waɗanda suka taɓa yi ku faɗa mini gaskiya

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashi adashi, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ina so in sari manja yanzu a Maris da yake kakarsa ce a kudu, in ajiye zuwa ƙarshen shekara. A Zariya nake, ina da ɗakin da rana ba ta shiga. Kudu kam ba zan je ba, maigida bai yarda ba, a Kano zan saya. Abin da ya tsaya mini a rai, ana cewa man waje yana shigowa yanzu, ba lallai ya tashi kamar da ba. Kuma rabin kuɗin nan na makarantar yara ne na Janairu.

Mai Jarka:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki tafi Edo ko Akwa Ibom da kanki, can ribar take.

Maman Biyu:
Ai na ce ba zan je ba, Malam.

Ɗan Galadima:
A nan kasuwarmu jiya na ga jarka mai lita 25 a kan dubu 46. Daga Fabrairu zuwa Mayu kaya ke yawa, daga Oktoba kuma sai dai a ji labari. Shekara 14 ina wannan harka, sau biyu kawai lissafin ya ƙi ni.

Uwar Marayu:
Dubu 46? Ni shekaranjiya a 53 aka ba ni, har da rantsuwa.

Tsohon Direba:
'Yata, saurare ni. A Afrilun 2022 Indunusiya ta hana fitar da manja, kowa ya ce zai zama zinare. Na sayar da motata, na tura wa wani dillali kuɗin jarka 180, mutumin da muka shekara shida muna cin abinci kwano ɗaya. Wata guda bai cika ba Indunusiya ta janye dokar, kasuwar duniya ta karye. Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Da sanyi ya shigo man ya yi barci, na zo narkarwa, sai na tarar ƙasan jarkokin ruwa ne da laka, sama kuma an zuba masa kala ya yi jawur. Wata mai abinci ta dawo mini da jarka uku a gaban 'ya'yana, tana cewa zan kashe mata kwastomomi. Na bi shi har garinsu, kwana tara ina kwana a tasha, aka ce ya tashi. Yau motar wani nake ja. Kuɗin makarantar yara ba abin da ake sa wa a jarka ba ne.

Uwar Marayu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Baba. Kalar nan ita ce hukumar abinci da magunguna, NAFDAC, ke ta gargaɗi a kanta, Sudan ake ce mata, an ce tana jawo ciwon daji.

Mai Jarka:
Baba, jarka 180 ba ka zura ko sanda a guda ɗaya ba?

Tsohon Direba:
Amana ce ta hana ni, yaro. Ranar da ta same ka za ka gane.

Malamin Lissafi:
Hajiya, tambayarki ta man waje ba wanda ya amsa. Indunusiya da Malesiya su ke da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya. Mu da muke kan gaba a farkon shekarun 1960, yau abin da muke matsewa bai kai tan miliyan biyu ba, ba ya isar mu. Daga 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shi dala, a Oktoban 2023 ya ɗage. To amma daga Janairun 2025 Indunusiya ta kai manjan da take haɗawa da man dizal kashi 40, wanda ke cin wani kaso na man da za ta iya fitarwa. Indiya kuma, babbar mai saye, tana taɓa harajinta kasuwa ke motsi. Ribar da mutane suka ci a 2023 da 2024, kaso mai yawa faɗuwar naira ce. In dala ta tsaya, kada ki sa ran ninki.

Ɗan Galadima:
Malam, ka taɓa ɗaukar jarka ta ɓata maka riga? Matar da ke miya a Tudun Wada ba ruwanta da Malesiya. Man waje tatacce ne, fari, ba ya maye jan nan namu.

Malamin Lissafi:
Masu kamfanin taliya da sabulu fa? In na waje ya yi musu tsada, naku suke kwashewa, shi ya sa yake tashi. In ya yi araha su bar muku kayanku.

Autan Hajiya:
Ni dai duk wanda ya ajiye ya faɗi unguwarsu, in zo da doya gasasshiya in taya shi duba inganci.

Almajirin Zaure:
Ba wanda ya yi maganar ɓoye abinci. Ki tambayi malamai kafin ki sa kuɗinki.

Uwar Marayu:
Saye a kaka lokacin da kaya ya yi yawa daban, ɓoyewa ana cikin yunwa daban. Jarka ashirin da 'yan kai ce fa.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar tun da aka rufe hanyar Kwatano a 2023, mai sai ya zagayo ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya hau kansa. Abin da ke ci mini rai, farin man da muke kira man gyaɗa, yawancinsa manja ne aka tace. Ku sa shi a sanyi ku gani.

Tsohon Direba:
Ka taɓo inda ke mini ciwo. Mahaifina ya yi dako a dalar gyaɗa a Kano. Mahaifiyata ƙuli-ƙuli take yi, ƙamshin manta har bakin titi. Yau jikokinta ba su san wannan ƙamshin ba.

Mai Jarka:
Na gaskiyar yana nan wurin matan Dawakin Tofa da Bichi, sai dai kwalba ɗaya kuɗin biyu ce.

Uwar Marayu:
Shi ma sun fara surka shi da na jarka. Sallar bara na yi cincin da shi, kumfa ya yi ta yi har ya zube a wuta.

Maman Biyu:
To ni dai in saya rabi ne, ko in haƙura?

Ɗan Maraɗi:
Uwar Marayu, a wurin wa kika saya? In mai kumfa ne, ba a soya gyaɗar ta yi ba kafin a matse.