Musayar waƙa a kan zaɓen Birtaniya na 1945: butulci ne ko hangen nesa?

Tsohon Malami

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan zaɓen majalisar dokokin Birtaniya na ranar 5 ga Yuli, 1945, wanda aka yi wata biyu bayan Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta lashe kujeru 393 cikin 640, ta bar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Winston Churchill da 197. Sharaɗina ɗaya ne, kowa ya riƙe amsa-amon "ya". Ni a wurina butulci aka yi.

Da sunan Allah zan buɗe waƙata,
Mai ba da mulki, Mai karɓe shi a duniya.

Ku zo mu tuna da Churchill na Ingila,
Da ya riƙe ragamar yaƙi bai ja da baya.

A 1940 Faransa ta faɗi ƙasa,
Landan ta kwana wuta na zuba, ba kariya.

Muryarsa a rediyo ita ta tsai da su,
Ta sa matsoraci ya sami ƙarfin zuciya.

Shekara biyar bai sauke wannan kaya ba,
Har Hitler ya mutu, Jamus ta miƙa wuya.

Da ya fito baranda ran 8 ga Mayu,
Jama'a ta cika titi ana ta godiya.

Kafin wata uku su cika sun kayar da shi,
Kamar wanda ya sha ruwa ya cike rijiya.

Ɗalibar Tarihi

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Kafin in amsa, ina so a tuna cewa rabon ƙasar da babban zaɓe tun 1935, saboda haka hisabin shekara goma aka yi a rana ɗaya, kuma akasarin shekarun da suka gabaci yaƙin masu ra'ayin riƙau ne ke juya gwamnati.

Baba Malam, na durƙusa na gai da kai,
Ka yi mini izini in kawo tambaya.

Shin ƙuri'a ladan aikin da ya wuce ce,
Ko ko amanar gobe ce da ake ba ajiya?

Mai jefa ta ya tuna shekarun 1930,
Magidanta ba aiki, suna yawo da kunya.

Ya tuna alkawarin bayan yaƙin farko,
Na gidaje ga mayaƙa, da ya zam ƙarya.

Bama-bamai sun rushe unguwanni da dama,
Iyali na kwana ɗaki guda cikin wuya.

Beveridge, masanin tattalin arziki, ya rubuta rahoto a 1942,
Ya ce a yaƙi talauci da rashin lafiya.

Leba ta ce za ta ɗauke shi ta aiwatar,
'Yan riƙau na ta jan ƙafa a kan hanya.

Ran 4 ga Yuni Churchill ya hau rediyo,
Ya jefi Leba da kalma mai ɗacin haɗiya.

Ya ce sai da irin Gestapo, 'yan sandan sirrin Hitler, za su yi mulki,
Alhali Attlee mataimakinsa ne jiya-jiya.

Mutane sun so shi, sun yi masa tafi,
Gina gida kuwa suka ba wata jam'iyya.

Jikan Soja

Baba da Malama, ku gafarce ni, akwai wanda kuka manta. An rufe akwatunan zaɓen har mako uku, ba a bayyana sakamako ba sai 26 ga Yuli, domin a tattaro ƙuri'un sojojin Birtaniya da ke ƙasashen waje. A daidai lokacin kakana yana ƙasar Bama (Burma) tare da sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda aka haɗa a runduna ta 81 da ta 82, kuma har ya rasu lambarsa tana naɗe a tsumma cikin gwangwanin taba.

An jira sojan Ingila mako uku,
Ƙuri'arsa ta ratso teku ta iso lafiya.

Kakana na kusa da shi cikin kurmi,
Ruwan sama ɗaya, sauro ɗaya, tafiya ɗaya.

Kayan yaƙi a kansa ya hau tsaunuka,
Inda mota ta gaza, ƙafa ce hanya.

Sunan Sarki George ne a jikin lambarsa,
Shi ya yi wa rantsuwa, shi ya yi wa biyayya.

Da aka zo zaɓen mai riƙe wa Sarki mulki,
Ba wanda ya kira shi ko ya yi tambaya.

Ina yaro nakan buɗe gwangwanin nan,
Ya ce in shafa a hankali, ya juya baya.

In za a yi maganar butulci, Baba,
A fara ta nan, in ana son gaskiya.

Tsohon Malami

Ɗana, ka taɓa ni a inda yake ciwo, kuma ba ni da ta cewa a kan kakanka, Allah ya jiƙansa. 'Yata, na yarda da rabin hujjarki, domin kalmar Gestapo ba ta dace da bakin dattijo ba. Amma ku dubi yadda mutumin ya sauka.

Yana taron Potsdam a Jamus, da Stalin na Sobiyet da Truman na Amurka,
Ya dawo jin sakamako da ƙarfin zuciya.

Da yamma ta yi ya nufi fadar Buckingham,
Ya miƙa mulki ga Sarki ba jayayya.

Sai ga Attlee a 'yar ƙaramar mota,
Matarsa ke tuƙi, ba jiniya.

Sarki bai da zaɓi, abin da akwati ya faɗa,
Shi zai kira ya naɗa, wannan ce ƙa'ida ɗaya.

Bayan kwana biyu Attlee ya zauna a Potsdam,
Kujerar ba ta yi sanyi ba, ba tarzoma a baya.

Duk da haka raina bai daina sosuwa ba,
Da sun ba shi shekara biyu ya huta da moriya.

Ɗalibar Tarihi

Baba, moriyar ai ta zo masa, domin ya dawo kan mulki a 1951, kodayake a wannan zaɓen Leba ta fi shi yawan ƙuri'u, shi kuma ya fi ta kujeru, kamar yadda tsarin mazaɓunsu yake haifarwa wani lokaci.

Ran 5 ga Yulin 1948 Bevan, ministan lafiya, ya buɗe,
Asibiti kyauta ga mai shi da marar dukiya.

Ma'adinan kwal da jiragen ƙasa duka,
Sun koma hannun gwamnati gaba ɗaya.

Ban ɓoye ba, an sha wuya a zamanin,
Har burodi sai da kati, an ɗaure ciki da igiya.

A 1947 suka sauke tuta,
Suka bar Pakistan, suka bar Indiya.

Da Churchill ya dawo bai rufe asibitin ba,
Wannan ya isa shaida, Baba, ba gardama ko ɗaya.

Jikan Soja

Malama, na ji daɗin asibitin domin talakan Ingila, amma gwamnatin da wannan zaɓe ya haifar ita ce a kan mulki ranar 28 ga Fabrairu, 1948, da aka harbe tsofaffin sojoji uku a Akara, babban birnin Gana ta yau, suna tattaki domin neman haƙƙinsu, kuma ita ce a Nuwamban 1949 da aka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu.

Mai haƙar kwal a Wales ya sami gata,
Na Inugu harsashi ya samu a kan albashi ɗaya.

Kakana ya jira shekara goma sha huɗu,
Sai 1959 ya zaɓi wakilin tarayya.

Ya sa farar riga, ya maƙala lambar nan,
Ya bi layi tun asuba a bakin hanya.

Kakata ta raka shi zaure ta koma,
Ita sai 1979 ta bi wannan tafiya.