Lasisin talabijin a Birtaniya: ku da kuke biya, kuna morar kuɗinku?

Sabon Zuwa, Coventry

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Ban daɗe da kama gidan haya ba, ni da iyalina da yara biyu, sai ga wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, wai gidan nan ba shi da lasisin talabijin. Na duba kuɗin, fam 174.50 a shekara. Da na buga shi a naira sai da kaina ya sara. Tambayata biyu ce. Biyan nan dole ne? Sannan ku da kuke biya, tsakaninku da Allah, abin da BBC take ba ku ya kai kuɗin? Abin da kuka gani a gidajenku nake son ji, ba abin da jaridu suke faɗa ba.

Malamin Lissafi, Birmingham

Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Bari in fara da dokar, don a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Ba akwatin talabijin ɗin ake biya wa ba, kallon ake biya wa. In za ka kalli kowace tasha a daidai lokacin da take watsa shiri, BBC ce ko ITV ko Sky ko ma tashar wata ƙasa, a talabijin ne ko a waya ko a kwamfuta, sai da lasisi. Haka in za ka buɗe iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC a intanet, ko da tsohon shiri ne. Wannan ya shigo doka a Satumban 2016. Amma Netflix da bidiyon YouTube da aka riga aka ɗora ba sa buƙata. Rediyo kuwa kyauta ne tun 1971. Wanda aka kama yana kallo ba lasisi, tarar tana iya kaiwa fam 1,000.

Kuɗin da ka gani shi ne wanda aka tsayar a Afrilun 2025, kuma Afrilu ne watan ƙari, don haka ka riƙa dubawa. Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: in ka zaɓi a riƙa cira daga asusunka duk wata, lasisin farko a cikin wata shida ake gama biyansa, wato a farashin 2025 ana zare kusan fam 29 a wata, daga baya ya sauko fam 14 da rabi. Da yawa suna ganin 29 ɗin nan su ɗauka an cuce su.

Ni ina biya, amma gaskiya labaran ƙarfe goma na dare ne kawai nake kallo.

Maman 'Yan Biyu, Leicester

Baban yara, tunda ka ce kana da ƙanana, ni shawarata ka biya ka huta. Zan faɗa maka dalili.

Lokacin da muka zo, YouTube nake kunna wa yarana in samu in yi girki. Ina kicin ina yanka albasa sai in ji an yanke waƙar yara an saka tallar kayan wasa, kafin in wanke hannu in fito sun riga sun danna wani abu daban, wani ƙato yana ta ihu yana fasa kaya. Ranar Asabar kuma in mun shiga kanti, rigima ce, sai an saya musu abin da suka gani. Da na mayar da su CBeebies, tashar ƙananan yara ta BBC, abin ya lafa. Babu talla ko ɗaya. Da yamma akwai mai karanta musu labarin barci, ƙarfe bakwai na yi tashar ta rufe da kanta. Wallahi wannan rufewar kaɗai ta raba ni da faɗa da yawa, don ba ni na kashe ba, tasha ce ta tafi barci, su ma sai su tashi.

Turancinsu ma a nan ya zauna kafin su shiga makaranta. Har gyara mini suke yi yanzu, marasa kunya.

Sai kuma lokacin kullen korona na Janairun 2021, da aka rufe makarantu. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, babansu yana aiki da ita, ga 'yar yayata da take zaune a wurinmu tana sakandare. BBC ta riƙa saka darussan firamare da safe a CBBC, na 'yan sakandare kuma a BBC Two. Yarinyar nan da shafin karatu na BBC mai suna Bitesize ta yi bitar jarrabawar sakandare ta GCSE, ba mu ɗauki malamin lesin ba. Ku tambayi kuɗin malamin lesin na awa ɗaya a garin nan, sai ku dawo mu yi lissafi.

Ɗan Arsenal, Manchester

Hajiya, ke kin mora, Allah ya raya su. Amma mu gwauraye a bar mu mu yi kukanmu. Ni ƙwallo kawai nake kallo. Firimiya tana Sky da TNT Sports, duka biyun ina biyansu da gumina. Sai kuma a ce tunda kai tsaye nake kallo, dole in ƙara da lasisi, kuɗin kuma ya tafi BBC wadda ba ta nuna wasan Firimiya ko ɗaya kai tsaye. Kamar mai shago ne ya tare ka ya ce sai ka biya kuɗin shinkafarsa kafin ka shiga shagon maƙwabcinsa ka sayi taliya.

Me nake samu? Match of the Day, shirin taƙaitattun wasanni na daren Asabar, alhali kafin lokacin na gama ganin ƙwallayen a waya. Gary Lineker kafin ya bar shirin a 2025 yana karɓar sama da fam miliyan 1.3 a shekara. Ni kuwa ina tuƙin tasi har asuba.

In ba su haƙƙinsu, sun nuna wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024 a BBC Three. Mun cika ɗakina, har da shayi da tsire. Aka ci Najeriya biyu da ɗaya a Abidjan. Wato ranar da na mori kuɗina ma baƙin ciki na saya.

Ɗaliba, Sheffield

Ni ba na biya, kuma ban karya doka ba. Na shiga intanet na cike takardar da ke cewa ba na buƙatar lasisi, don finafinan Kannywood da wa'azozin da aka ɗora a YouTube nake kallo, sai Netflix jefi-jefi. Kafin in cike, wasiƙu sun yi ta zuwa da jan rubutu, wai an buɗe bincike a kan gidan. Wata 'yar uwarmu da ta zo karatu, ranar da ta ga irinta kuka ta yi, ta ɗauka bizarta za a taɓa. Ku kwantar da hankali, irin wasiƙun nan ana aika su duk adireshin da ba shi da lasisi ne, galibi ko suna babu a jiki.

An taɓa aiko mini mutum ya duba. Ya ƙwanƙwasa, ya nuna katinsa, ya tambaya ko zai shiga. Ba dole ba ne ka buɗe masa in ba da takardar kotu ya zo ba, amma ni na bar shi, don ba abin da nake ɓoyewa. Ya leƙa, ya ga allo a kan tebur ba eriya a jiki, ya yi godiya ya tafi.

Masu zaman haɗaka ku lura: in kowa da yarjejeniyar hayar ɗakinsa daban, mai kallo a ɗakinsa nasa lasisin zai yi. In takarda ɗaya kuka sa wa hannu ku duka, guda ya ishe ku.

Malamin Lissafi, Birmingham

Daidai ne, ƙanwata. Sai dai a kula da azumi. Gidaje da yawa da ba su da lasisi, Ramadan na shigowa sai su kunna tashar Saudiyya suna kallon tarawihin Harami kai tsaye. A doka wannan kallon tasha ne kai tsaye, kasancewarta ta waje bai fitar da ita ba.

Dattijo, Landan

'Ya'yana, na karanta duka. Ni akwai abin da nake tunawa da shi duk sanda aka cire kuɗin nan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne, bai yi boko ba. Amma yana da rediyonsa a cikin jakar fata, da batir huɗu da yake shanyawa a rana wai su ƙara ƙarfi. Bayan sallar asuba yana kan buzu yana murɗa ta har sai ya kamo Landan. Juyin mulki nawa aka yi a Najeriya, a bakin Sashen Hausa ya fara tabbatar da su, kuma in aka yi gardama a majalisa, wanda ya ce a BBC ya ji shi ke da gaskiya. Sashen nan tun Maris na 1957 yake aiki. Da na zo ƙasar nan, wurin da na fara nema in gani da idona shi ne Bush House, inda suke watsa shiri kafin su tashi a 2012. Na tsaya a bakin ƙofa aka ɗauke ni hoto na aika masa.

A da Ma'aikatar Harkokin Waje ce take ɗaukar nauyin sashen duniya na BBC. Daga Afrilun 2014 aka mayar da nauyin kan kuɗin lasisi, ko da yake gwamnati tana ƙara nata kason. Ke nan a cikin abin da nake biya akwai wanda yake komawa rediyon ƙannena a ƙauye, su da ba sa biyan ko kwabo. Ban taɓa jin ciwon biyan ba.

Ɗan Arsenal, Manchester

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara maka lafiya. Amma ranka ya daɗe, da a ce Sashen Hausa zan ba kuɗin kai tsaye da na ba da da hannu biyu. Lasisi yana tara sama da fam biliyan 3.5 a shekara, abin da yake zuwa sashen duniya gaba ɗayansa, harsuna sama da 40, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma in aka zo tsuke bakin aljihu can ake waiwaya. Rediyon Larabci da ya shekara 85 yana magana an rufe shi a Janairun 2023. Wanda ya iya rufe na Larabawa, namu ba zai gagare shi ba.

Nas, Bradford

Ni abin da ya tsaya mini a rai ba shirye-shiryen ba ne, yadda ake karɓar kuɗin ne. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa da matar da take goge mana ɗaki, kuɗi ɗaya suke biya. Shi ko ji ba ya yi, ita kuwa cefanen sati biyu ne ko fi. Kuma cikin waɗanda ake gurfanarwa kan rashin lasisi, kusan uku cikin huɗu mata ne, don su ake tararwa a gida da rana, su suke buɗe ƙofa, sunansu ake rubutawa. Mazanmu ku ji da kyau: in ka ƙi biya kana kallon ƙwallonka da dare, matarka ka bari da amsa tambaya.

Tsofaffi ma da can duk wanda ya kai 75 kyauta ne. Tun Agustan 2020 sai wanda yake karɓar Pension Credit, tallafin gwamnati ga tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Ina da marasa lafiya da talabijin ce kaɗai muryar da suke ji a gida daga safe har dare. Makafi suna biyan rabi, ku sanar da wanda ya dace.

Ina biya. Rediyo 4 ta BBC nake ji a mota in na taso aikin dare, shi kuwa ko ban biya ba zan ji.

Injiniya, Hamburg

Ku gode wa Allah kuna da zaɓi. A Jamus tun 2013 kowane gida yake biya, da talabijin ko babu, yuro 18.36 a wata. Kana rajistar adireshi wasiƙarsu tana biyo ka. Kuma ba ni da irin abin da ke sanyaya wa Dattijo rai, don DW da ke da Sashen Hausa daga harajin gwamnatin tarayya ake ba ta kuɗi, ba daga wannan ba.

Ɗan Zango, Kumasi

Mu a Gana sidi 36 ne a shekara na talabijin ɗaya. A ƙarshen 2017 aka ce an ware kotuna na musamman don waɗanda ba sa biya, ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye maganar gurfanarwar. A layinmu ban san mai rasit ba.

Sabon Zuwa, Coventry

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Uwargida ta karanta bayanin Maman 'Yan Biyu, magana ta ƙare, ba a ma nemi ra'ayina ba. Malam, in mun tashi daga gidan ko mun koma gida Najeriya kafin shekara ta cika fa?

Malamin Lissafi, Birmingham

In sauya gida ne, adireshin kawai za ka canza, lasisin ya bi ka. In barin ƙasar ne, ka nemi a mayar maka da kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Kuma tsarin kansa ba lallai ya daɗe a haka ba. Yarjejeniyar da BBC take aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen Disamban 2027, ana ta muhawarar ko a bar lasisin, ko a koma biyan mai so kamar Netflix, ko a shigo da talla. Faransa ta soke nata tun 2022, ta koma ba tashoshin gwamnati kuɗi daga harajin kayayyaki.

Ɗan Arsenal, Manchester

A koma biyan mai so. Ranar zan yanka kaza.

Maman 'Yan Biyu, Leicester

Kai dai yi aure tukuna mu ji bakinka. Ni su yi duk yadda za su yi, amma ranar da na ga tallar kayan wasa a CBeebies, a ranar zan kira banki in tsayar da cirar.