Neman shawara: in koma GIMP 3 ko in ci gaba da lallaɓa tsohon nawa?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Shawara nake nema. Ina da ɗan shago a wajen Terminus, aikina katin biki, sitika, fostar walima, sai hoton fasfo da katin shaida na 'yan makaranta. Da GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, nake komai, don ba ni da ƙarfin biyan Photoshop duk wata, wanda ake satowa ana ɗora wa mutane kuma raina bai kwanta da shi ba. Zubin da ke kan laftof ɗina 2.10 ne, hannuna ya saba da shi, ko ido a rufe na san inda komai yake. To yaron da nake koya wa aiki ya tasa ni gaba, wai an bar ni a baya, GIMP 3 ya fito tuni, in sauke in goge tsohon.

Abin da ya sa nake ɗari-ɗari: laftof ɗin ɗan gwanjo ne, RAM giga 4, Windows 10 ke kai. Ga aikin walimar saukar wata Islamiyya a hannuna, katin gayyata, babbar bana, da hoton kowane ɗalibi, kuma rana ta matso. Hotunan ɗaliban nan da BIMP, wani fulogin (ƙaramar manhaja da ake ɗora wa GIMP), nake rage musu girma gaba ɗaya lokaci guda. Don Allah wanda ya gwada sabon ya faɗa mini gaskiya, in sauya ko in haƙura?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Yaro, kar ka taɓa komai sai ka miƙa aikin mutane. Mai walima ba ruwansa da 2 ko 3, katinsa yake so ranar da ka yi masa alkawari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maman Ilham: Baba ya yi gaskiya a kan aikin da ke hannu, amma ni dai na koma sabon kuma ban ga abin da zai mayar da ni baya ba. Ƙanina, bari in faɗa maka abin da ya saye ni, tunda katin biki nake yi kamar kai.

Ka san halin mutanenmu. Ka gama kati tsaf, ka sa wa sunan amarya inuwa, ka zagaye shi da ruwan gwal, sai cikin dare uwar amarya ta kira ta ce ai ba Zainab za a rubuta ba, Zainabu Abu ce, kuma an ɗaga ɗaurin auren zuwa bayan Juma'a. A tsohon, inuwar leya ce daban, zagayen ma haka, dole ka goge su ka sake daga farko. A sabon kuwa, inuwa da sauran filtoci suna maƙale ne a jikin leyar, ba su narke a ciki ba. Za ka ga 'yar alamar fx a gefen leyar, in ka danna sai ta jero maka duk abin da ka sa. Ka kashe wanda ba ka so, ka rage ƙarfin wani, ka sauya musu jeri. Rubutun yana nan a matsayin rubutu, kana gyara sunan inuwar na bin sa. Ko ka adana aikin ka rufe, gobe ka buɗe, suna nan yadda ka bar su. Zagayen rubutu ma yanzu a cikin kayan rubutun yake, ba sai ka bi ta doguwar hanyar nan ta zaɓo harafi ka faɗaɗa ka zuba kala ba.

Sannan ana iya zaɓar leya da yawa lokaci guda a matsar da su tare. 'Yar sarƙar nan da muke dannawa ɗaya bayan ɗaya an cire ta. Kuma in ka kwafo hoto ka liƙa, kai tsaye yake zama sabuwar leya, ba ya tsayawa yana lilo a sama yana hana ka taɓa komai. Wannan kaɗai zai rage wa yaronka ruɗewa, don duk wanda na koya wa GIMP a nan yake fara cijewa.

Na Bukuru: Ku dai kuna son wahala. Canva tana nan a waya, minti biyar an gama kati.

Maman Ilham: Malam, ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi ƙasa, ka zo ka ba mu labari. Kuma ka gwada gyara fuskar ɗalibi ɗari da ita.

Injiniyan Kubwa: Salam. Ni ɗan Jos ne aiki ya kawo ni Abuja, kuma gyaran kwamfutocin ofis nake yi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Da farko, tambayar da yaron ya ɗora ka a kai ba daidai take ba. Ba dole sai ka goge ɗaya ka sa ɗaya ba. A Windows, GIMP 3 yana zama a jakarsa daban, 2.10 na nan a tasa, saitin kowanne ma daban. Ana iya barin su biyun a kwamfuta ɗaya. Ranar da ka fara buɗe sabon, zai kwaso saitinka na tsohon, buroshi da sauransu, ba tare da ya ɓata na can ba. Duk da haka kafin ka yi komai, ka rubuta %APPDATA% a wurin adireshin jaka, ka shiga GIMP, ka kwafe jakar 2.10 ɗungurungum zuwa filashi. Aikin minti biyu ne.

Na biyu, kuma nan ne maganarka take: BIMP. An fitar da 2.10 a watan Afrilun 2018, shi kuma 3.0 sai Maris 2025, kusan shekara 7 ke nan, kuma a tsakanin an sauya ginshiƙin manhajar ne, ba fenti kawai aka yi mata ba. Hanyar da fulogin ke magana da GIMP ta canza, an bar Python 2 an koma Python 3. Saboda haka fulogin ɗin da aka rubuta wa 2.10 ba ya aiki a 3 sai mai shi ya sake gyara shi. BIMP ɗin da ke kwamfutarka ba zai bayyana a sabon ba, ko ka kwafe shi ka kai can. Akwai wani mai suna Batcher da ke irin wannan aikin a GIMP 3, G'MIC mai tarin filtoci ma yana da nasa zubin na 3, haka Resynthesizer da ake goge tabo ko cire mutum daga bayan hoto da shi. Amma kowanne sai ka sauko da na sabon, ka zauna ka koyi tsarinsa. Wannan ba abin yi ba ne alhali malaman Islamiyya na jiran hotunan ɗalibansu.

Na uku, hattara da fayil ɗin XCF, wato wanda GIMP ke adana aikinka a ciki. Sabon yana buɗe aikin tsohon, amma in ka adana shi a 3 da sabbin abubuwan da Maman Ilham ta lissafa, 2.10 ba zai iya buɗe shi ba kuma. Akwai gargaɗi a ƙasan akwatin adanawa, sai dai wa ke karantawa in ana sauri? Kuma bayan ka girka sabon, mai yiwuwa in ka danna fayil sau biyu shi zai buɗe maka, ba tsohon ba. Yaro ya buɗe, ya gyara harafi ɗaya, ya adana, shi ke nan aikin ya ƙaura. Ka ware jaka ta gwaji, ka zuba kwafin tsofaffin katunan da aka riga aka karɓa, a kansu za ku yi wasa.

Amma fa ban ce ka zauna a 2.10 har abada ba. Na ƙarshensa 2.10.38 ne, tun Mayun 2024, masu manhajar sun mayar da hankali kan sabon. Kai kuma kullum fayil ne ke shigo maka daga wayoyin mutane da filashin da ba ka san inda ya kwana ba. Gyaran ɓarakar tsaro a sabon ake yin sa. Ƙaura dole ce, lokacinta ne a hannunka.

Ɗan Gangare: Allah ya saka da alheri Yaya Injiniya, wallahi ban san za su zauna tare ba. To batun RAM ɗin fa? Giga 4 zai ɗauka? Sannan wani ya ce mini sabon yana da CMYK, tsarin kalar tawada huɗu na injin ɗab'i, ko zai raba ni da rigimar kala? Sau da yawa shuɗin da nake gani a allo ba shi ke fitowa a takarda ba, sai ya koma kamar shunayya.

Injiniyan Kubwa: Zai buɗe, zai yi kati da fasfo. Inda za ka ji jiki shi ne babbar bana. Filtocin nan da ba sa narkewa, duk lokacin da ka taɓa leyar sai kwamfuta ta sake lissafa su. In ka tara uku huɗu a kan hoto mai faɗi, laftof mai giga 4 zai fara tunani. Maganinsa, a ƙasan akwatin kowace filta akwai wurin da aka rubuta Merge filter, in ka yi masa alama sai ta narke nan take kamar yadda ka saba. Ka bar masu rai ga rubutu, inda ake yawan canza ra'ayi. Idan kuma laftof ɗin na karɓar ƙarin RAM, ka kai shi giga 8, in da hali ka sa SSD. Wannan zai fi kowane sabon zubi canza maka rayuwar shago.

Alhaji Mai Ɗab'i: Batun kala bari in sa baki, don mu ne ake kawo wa aikin. Gaskiya ne sabon yana iya fitar da JPEG da TIFF a CMYK, kuma yana nuna maka kimanin yadda kalar za ta kasance a takarda kafin ka fitar. Amma aikin kansa a RGB, wato kalar allo, kake yin sa har yanzu, a wurin fitarwa ne ake juyawa. Kuma ka sani, akwai shuɗi mai ƙyalli da allo ke nunawa wanda tawada huɗu ba za ta taɓa kawo shi ba, ko da wace manhaja ka yi. Allo haske ne, takarda tawada ce. Abin da zai cece ka, ɗana, ka tambayi wanda ke buga maka wane irin fayil injinsa ya fi so, sannan ka sa a buga maka guda ɗaya ka duba a hasken rana kafin a saki ɗari biyar. Yawancinmu a nan da CorelDraw muke buɗewa, to ka kawo hoto mai nauyi, digo 300 a inci in kati ne. Bana ba ta bukatar haka, daga nesa ake kallonta, kada ka kashe laftof ɗinka a banza.

Ummu Hanif: Ku yi haƙuri in raɓa da tawa tambayar. Ni kwamfutar gida ce, Windows 7, ina gyara hotunan atamfa da leshi da nake tallatawa. Zan iya sa sabon?

Injiniyan Kubwa: A'a Hajiya, GIMP 3 daga Windows 10 ya fara. Ki zauna a 2.10.38, ya ishe ki gyaran haske da yanke hoto. Sai dai Windows 7 ɗin kansa Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, kar ki riƙa shiga banki da shi. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika tun 14 ga Oktoban 2025, Ɗan Gangare ka sa wannan a lissafinka na gaba.

Maman Ilham: Na manta abu ɗaya. Duk ranar da ka buɗe tsohon kati a sabon, ka duba rubutun da kyau kafin ka aika, musamman ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutun ado da muke so ba su da haruffan nan masu lanƙwasa, sai manhaja ta aro daga wani salon ta cike gurbin, ka ga "ɗaurin aure" harafin farko ya bambanta da 'yan uwansa. Ba laifin sabo ko tsoho ba ne, amma wurin ƙaura ne ido ke tsallake shi. Noto Sans da Andika suna da su cikakku, kuma kyauta ne. In kuma kamannin sabon ya yi maka baƙo, a allon maraba da ke fitowa farko akwai inda za ka mayar da gumakan masu kala, ka ƙara girman rubutu.

Baban Walid: Duk na ji. Ni dai maganata ɗaya ce, a gama walima tukuna.

Ɗan Gangare: Baba na ji, kuma haka za a yi. Zan kammala na Islamiyya a 2.10 da BIMP ɗina. In an karɓa, in kwafe jakar, in sa sabon a gefe, yaron ya fara gwada katunan biki a kai tunda shi ke zumuɗi, hotunan makaranta kuma su tsaya a tsohon har in ga kan Batcher ɗin. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Injiniya, a ina zan sauke? Akwai mai shago kusa da ni da ya ce yana da shi a filashi.

Injiniyan Kubwa: Ka shiga gimp.org da hannunka, ko ka ɗauka a Microsoft Store. Kada ka danna tallar da ke fitowa a saman sakamakon bincike, a 2022 an taɓa samun tallar bogi a Google da ta yi kama da shafinsu sak, tana raba wa mutane manhajar satar bayanai. Kuma ka ɗauki na baya-bayan nan da ke shafin, ba 3.0.0 na farko ba, don an fitar da gyare-gyare bayansa. Nauyinsa wajen megabait 300 ne, ka bari sai dare in kana da datar dare. Na filashin, in ba ka ga inda ya samo shi ba, ka ce masa ka gode.