Me ya sa aka karɓe sarauta daga gidan Saul, aka bar ta a gidan Dawuda?

Rifkatu:
Salama gare ku. Ina da tambayar da take damuna tun da na fara karatun littattafan Sama'ila. Laifin Saul shi ne ya miƙa hadaya a Gilgal bai jira Sama'ila ba, daga baya kuma ya bar Agag, sarkin Amalekawa, da rai tare da dabbobi masu kyau. Dawuda kuwa ya kwana da matar Uriya Bahitte, sa'an nan ya sa aka kashe mijin a bakin dāga. A idon mutum laifin Dawuda ya fi muni, amma daga hannun Saul aka yage mulki, zuriyar Dawuda kuwa ta riƙe gadon sarauta a Urushalima shekaru wajen 400. Yaya za a fahimci wannan?

Malam Ishaya:
'Yar'uwa, a ganina mabuɗin yana cikin 2 Sama'ila sura 7, inda Ubangiji ya yi wa Dawuda alkawari ta bakin annabi Natan cewa idan ɗansa ya yi laifi za a hore shi da sanda, amma ba za a janye masa ƙauna kamar yadda aka janye wa Saul ba. Kada kuma mu ɗauka Dawuda ya kuɓuta. Jaririn da Batsheba, matar Uriya, ta haifa masa ya mutu, ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya kori mahaifinsa daga birninsa. Ki lura da yadda kowannensu ya amsa tuhuma: Saul ya fara da ɗora laifi a kan jama'a, ko da ya amsa kuma, damuwarsa ita ce Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Dawuda bai kawo wani uzuri ba.

Bulus:
Malam, na yarda da batun alkawari, amma batun tuba bai warware kome da kome ba. Manassa, sarki daga zuriyar Dawuda, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, ya miƙa ɗansa a wuta, duk da haka ya yi mulki shekara 55, babu sarkin Yahuza da ya kai shi daɗewa. Jikansa Yosiya, wanda ya rushe masujadan gumaka ya sabunta alkawari, Fir'auna Neko ya kashe shi a Magiddo a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu. Littafin Sarakuna ya faɗi a fili cewa gyaran Yosiya bai kawar da fushin da Manassa ya tsokano ba. Littafin Tarihi ne kaɗai ya ba da labarin an kai Manassa Babila da sarƙoƙi ya tuba a can, ni kuwa ina ganin marubucinsa ma ya ji nauyin wannan tambaya.

Baba Yohanna:
Bulus, ɗana, ka yi gaskiya, shi ya sa nake cewa a karanta alkawura biyu tare, wato na Dawuda da na Shari'ar Musa. Maimaitawar Shari'a sura 17 ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, sura 28 kuma ta ce idan aka ƙi biyayya za a kwashe jama'a da sarkinsu zuwa wata ƙasa. Sulemanu ya karya dokar, aka ba Yerobowam, ma'aikacinsa, kabila goma, aka rage wa ɗan Sulemanu kaɗan saboda Dawuda. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan Zadakiya, sarkin Yahuza na ƙarshe, a gabansa a Ribla kafin a ƙwaƙule masa idanu. Amma ayoyin ƙarshe na 2 Sarakuna sun nuna Yehoyakin, jikan Yosiya, an fito da shi daga kurkukun Babila bayan shekara 37, yana cin abinci a teburin sarki har ƙarshen ransa.